Yadda Ake Lissafin Turjiya da Cin Wuta Daga Bolt da Amfiya

Duk wani kayan wuta da ke gidanka, daga dutsen guga har cajar waya, akwai wasu lambobi da aka buga a jikinsa ko a wata 'yar takarda da aka manna masa. Yawancinmu ba ma duba su sai bayan soket ya narke ko janareto ya fara tari. Lambobin nan kuwa, in ka san yadda ake juya su, tun kafin ka jona za su gaya maka ko wayar za ta ɗauka, ko janareton zai ja, da kuma nawa abin zai cinye maka a kati. Lissafin bai wuce sau da rabawa ba, kalkuletar wayarka ta wadatar.

Abubuwa huɗun da za ka riƙe

Na farko matsin wuta, wanda ake aunawa da bolt, alamarsa V. Wutar gida a Najeriya an tsara ta a kan bolt 230, shi ya sa za ka ga 220-240V da 50Hz a jikin kaya. Batirin mota bolt 12 ne, cajar waya ta yau da kullum bolt 5. Na biyu kwararar wuta, wato yawan wutar da ke bi ta cikin waya. Ana auna ta da amfiya. A jikin kaya A ake rubutawa, a cikin lissafi kuma I. Na uku turjiya, wato yadda abu ke hana wuta wucewa ta cikinsa, ana auna ta da om, alamarta a lissafi R, a jikin mita kuma Ω. Na huɗu cin wuta, wanda ake aunawa da wat, alamarsa P a lissafi, W a jikin kaya.

Ka ɗauki tankin ruwa da aka ɗora a sama. Tsayin da aka ɗora shi shi ne bolt, yawan ruwan da ke zuba ta famfo shi ne amfiya, ƙuncin bututun kuma shi ne turjiya. Ka ƙara wa tankin tsayi, ruwa ya ƙaru. Ka ƙuntata bututu, ruwa ya ragu.

Dokar da ta haɗa ukun farko wani malamin makaranta ne Bajamushe, Georg Ohm, ya wallafa ta a 1827, kuma sunansa aka sa wa awon turjiya. Ga ta ta fuska uku:

V = I × R
I = V ÷ R
R = V ÷ I

Sai ta cin wuta:

P = V × I

In haddar tana ba ka wuya, zana alwatika a takarda, ka sa V a sama, I da R a ƙasa gefe da gefe. Abin da kake nema sai ka rufe shi da babban yatsa. Ka rufe R, za ka ga V a kan I, wato rabawa. Ka rufe V, za ka ga I kusa da R, wato sau.

Mataki na ɗaya: samo lambobi biyu

Cikin huɗun nan, da zarar ka san biyu, sauran biyun sun zo hannu. Hanya mafi sauƙi ita ce ka kifa kayan ka karanta. Dutsen guga, a ƙasan mariƙinsa ko ta bayansa inda ake jingine shi, za ka ga wani abu kamar 220-240V, 1000W. Cajar kwamfuta za ka ga 19V, 3.42A a layin wutar da take fitarwa. Firij kuma takardarsa tana baya kusa da kwamfireso ko a ciki ta gefe.

Idan rubutun ya goge, kamar yadda ake yawan samu a kayan gwanjo, ko kana zargin abin da aka rubuta ƙarya ne, sai awo. A nan kana buƙatar mitar gwaji, wadda ake samu a shagunan kayan wuta na Kasuwar Sheikh Gumi da ke Kaduna da sauran wurare a gari.

Don auna bolt, ka sa baƙin tsinke a ramin COM, jan a ramin da ke da alamar V. Murɗa mitar zuwa V mai alamar igiya mai lanƙwasa idan wutar gida ce ko ta janareto, ka zaɓi lambar da ta haura 230, misali 600 ko 750. Idan batir ne, sai V mai miƙaƙƙen layi, ka zaɓi 20. Ka riƙe tsinken ta robarsa, ka zura a ramuka biyu na ƙasa na soket, ka karanta. Ka yi awon lokacin da kayan ke kunne, domin sau da yawa soket zai nuna 225 ba kaya, da ka jona hita sai ya faɗo 200.

Auna amfiya shi ne inda ake ƙona mita. Amfiya ba a auna ta ta hanyar zura tsinke biyu a soket. Wanda ya murɗa mita zuwa A ya zura ta a soket, ya haɗa layi biyu kai tsaye, ƙara zai ji, in ya yi sa'a fis ɗin mitar ne kawai zai tafi. Ƙa'ida ita ce wutar ta ratsa ta cikin mitar kafin ta kai ga kayan, kuma yawancin ƙananan mitoci amfiya 10 ce iyakarsu. Don haka a wutar gida shawarata ka bar wannan hanya, ka nemi mita mai baki, wadda masu aiki ke ce wa kilam. Buɗe bakin za ka yi ka rufe shi a kan waya, ba yanka ba fiƙewa. Amma waya ɗaya tak za ka kama. In ka haɗa mai wuta da nutural, wato wayar da wuta ke dawowa ta cikinta, a cikin bakin, sifili za ta nuna maka, domin wutar da ke tafiya da wadda ke dawowa sun kashe juna.

Turjiya kuma ana auna ta ne bayan an zare kayan daga wuta gaba ɗaya. Kada ka taɓa sa mita a kan Ω a abin da ke da wuta. Kayan da ke da kafasito a ciki, kamar inbata da na'urar dumama abinci ta maikurowef, suna riƙe wuta ko bayan an zare su, waɗannan a bar wa masu gyara.

Kafin mu wuce, ga wani lissafi da ya kamata kowa ya yi sau ɗaya a rayuwarsa. Jikin mutum idan ya jiƙe, turjiyarsa tana iya saukowa kusan om 1,000. Raba 230 da 1,000, ka samu amfiya 0.23, wato miliyamfiya 230. Na'urar da ake sawa a gidaje don kare rai tana yanke wuta ne a miliyamfiya 30. Ka tuna da wannan a lokacin hunturu, lokacin da ake tsoma hita a bokiti, yaro ya zo ya sa yatsa don ya ji ko ruwan ya yi zafi. A zare daga soket tukuna.

Mataki na biyu: daidaita awo

Wannan gajere ne, amma nan ɗalibai suka fi faɗuwa. Lissafin yana aiki ne da bolt, amfiya, om da wat zalla. In ka ga mA, raba da 1,000: 500mA amfiya 0.5 ke nan. In ka ga kW, yi sau 1,000: 1.5kW wat 1,500 ne. Haka ma kΩ. In kuma HP ka gani a jikin injin ruwa ko na'urar sanyaya ɗaki, HP ɗaya wat 746 ne.

Mataki na uku: fitar da turjiya da cin wuta

A ce kana da risho mai wuta wanda takardarsa ta ɓace. Ka kunna shi, mita ta nuna bolt 225 a soket, kilam ta nuna amfiya 5.2.

R = 225 ÷ 5.2 = om 43.3
P = 225 × 5.2 = wat 1,170

Shi ke nan, ka san rishon ciki da bai. Cajar kwamfutar da muka ambata kuma, 19 sau 3.42 ya ba ka wat 65, wanda sau da yawa za ka ga an rubuta shi a jikinta. Cajar waya mai 5V da 2A wat 10 ce.

Yanzu a juya. Ka san wat da bolt daga takarda, kana neman amfiya da turjiya. Dutsen guga mai wat 1,000 a bolt 230:

I = P ÷ V = 1,000 ÷ 230 = amfiya 4.35
R = V ÷ I = 230 ÷ 4.35 = om 52.9

Akwai gajeriyar hanya: bolt sau bolt, a raba da wat. 230 × 230 = 52,900, raba da 1,000, om 52.9 ɗin dai. Wannan lamba 52,900 ta cancanci ka haddace ta, domin da ita za ka san turjiyar kowane kayan zafi cikin daƙiƙa. Hita mai wat 1,500, om 35 da 'yan kai. Butar wuta mai wat 2,000, om 26 da rabi. Ka lura, kayan da suka fi cin wuta su ne masu ƙaramar turjiya, ba masu babba ba. Hanya ta fi buɗewa, wuta ta fi kwarara.

Ga inda wannan ke amfani a shago. An kawo dutsen guga ya daina zafi. Maigidan ya zare shi, ya murɗa maɓallin zafin har ƙarshe, ya miƙa wa yaronsa mita ya ce, "Ɗora a ƙafafun fulogi biyun nan, ka gaya mini." Yaron ya duba ya ce, "Maigida, 1 kawai take nunawa a gefe." Wannan 1 ɗin da ke tsaye shi kaɗai a hagu, ko OL a wasu mitocin, yana nufin hanya ta yanke. Ko fis, ko wayar ta katse a inda take lanƙwasa kusa da mariƙi, ko tamostat mai daidaita zafi, ko elimen ɗin kansa, wato ƙarfen ciki da ke haifar da zafin. Sai a buɗe a auna elimen shi kaɗai. In ya nuna 50 da wani abu, lafiyarsa ƙalau, a nemi laifin a wani wuri. In mitar ta nuna kusan sifili a fulogi, wayoyi sun haɗe, kada a kuskura a jona. Sannan a auna tsakanin ƙafar fulogi mai wuta da ƙarfen dutsen. Nan ba a son ganin wata lamba ko kaɗan, in an gani, to dutsen yana ja.

Abin da ke tsaye da abin da ke canzawa

Nan ne nake ganin mutane da yawa ba su gane ba. Wat 1,000 da aka rubuta a dutsen guga alkawari ne mai sharaɗi: zai ba da wannan ƙarfin idan ya samu bolt 230. Abin da ke tsaye a cikinsa shi ne turjiyar elimen, om 52.9. Ita ba ruwanta da abin da taransifoma ta kawo.

To a ce da magariba ce a unguwa mai cunkoso, kowa ya kunna kayansa, wuta ta zo ba ƙarfi, mita tana nuna 170.

I = 170 ÷ 52.9 = amfiya 3.2
P = 170 × 3.2 = wat 544

Bolt ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, amma zafin ya ragu da kusan rabi. Dalili shi ne bolt yana shiga lissafin sau biyu, ya rage kansa kuma ya rage amfiya. Shi ya sa mai wanki da guga zai yi ta goga shadda tana ƙin kwanciya, ya ɗauka dutsen ne ya tsufa. Ta ɗaya ɓangaren kuma, idan wuta ta haura zuwa 260, dutsen nan zai koma cin wat 1,278, fiye da abin da aka ƙera shi ya jure. Kwan fitila da caja marasa inganci su ne ke fara tafiya a irin wannan daren.

Inda lissafin ke buƙatar hattara

Tsohon kwan fitila mai zare, na wat 60, lissafi ya ce om 882. Ka ɗora masa mita yana sanyi, za ka ga lamba wajen 60 zuwa 70. Mitar ba ta lalace ba. Zaren na ƙarfen tangistin ne, turjiyarsa tana ninkuwa fiye da sau goma idan ya yi zafi. Shi ya sa irin wannan kwan ya fi mutuwa daidai lokacin da aka kunna shi. Elimen na dutsen guga da hita kuwa da wani haɗin ƙarfe ake yi wanda turjiyarsa ba ta cika motsi ba, don haka awon sanyi da na zafi suna kusa.

Babban abin lura shi ne duk kayan da ke da koyil mai juyawa: fanka, firij, injin jan ruwa na rijiyar burtsatse, injin niƙa, na'urar sanyaya ɗaki. A waɗannan, bolt sau amfiya ba ya ba da wat kai tsaye, yana ba da abin da ake rubutawa VA. Don samun wat na gaskiya sai ka ƙara yin sau da wata lamba da ba ta kai ɗaya ba, wadda ake rubutawa PF ko cos φ a jikin injin. In ba a rubuta ba, ana ƙiyasi da 0.8. Injin ruwa da ke jan amfiya 5 a bolt 230, VA 1,150 ke nan, wat kuma wajen 920. Sannan kada ka auna koyil ɗin da mita ka ga om 6 ko 8 ka raba 230 da shi ka ce ga amfiyar da zai ja. Koyil mai juyawa yana da wata turjiya ta daban da mitar Ω ba ta gani.

Inji kuma halinsa a ƙaramar wuta ya saɓa da na dutsen guga. Dutse ragewa yake ya yi sanyi. Inji kuwa nauyin da ke kansa bai ragu ba, don haka idan bolt ya sauka sai ya ƙara jan amfiya, koyil ya ɗau zafi. In ya kasa tashi gaba ɗaya ya tsaya yana gurnani, nan da nan zai ƙone. Masu naɗin koyil a Panteka, kasuwar masu ƙere-ƙere ta Kaduna, da wannan suke cin abinci. Ka ji firij yana ƙas-ƙas yana kasa tashi, ka zare shi, ko ka sa masa sitabilaiza.

Zafin da ke cikin waya

Akwai wata fuska ta lissafin cin wuta, kuma a ganina ita ce ta fi muhimmanci ga mai gida:

P = I × I × R

Waya ma tana da turjiya, ƙarama ce kawai. Ta jan ƙarfe mai kaurin milimita murabba'i ɗaya, kowace mita tana da kusan om 0.0175. Ka yi sau da tsawo, ka raba da kauri. A ce ka ja wuta daga cikin gida zuwa shago a bakin titi, tazarar mita 50, da waya 1.5. Wuta zuwa take ta dawo, don haka tsawon mita 100 ne.

R = 0.0175 × 100 ÷ 1.5 = om 1.17

Ka ɗora mata amfiya 10. Bolt 11.7 zai zube a hanya, wato 10 sau 1.17. Zafin da wayar ke fitarwa kuma 10 × 10 × 1.17, wat 117, kuma mitarka tana ƙirga shi a kuɗinka. Da waya 2.5 ce, turjiyar om 0.7 ce, asarar wat 70. Wannan duk idan jan ƙarfe ne na gaske kuma kaurin ya cika. Akwai waya a kasuwa da alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. Kankare silin ɗaya da wuƙa, in ka ga fari a ciki ka ajiye ta. Turjiyar alminiyom ta fi ta jan ƙarfe da fiye da rabi.

Tunda amfiya sau biyu take shiga, in ka ninka ta, zafin sau huɗu zai ninku. Ka duba abin jona kaya da yawa da ke ɗakinka. Fulogi mai ƙafa uku da muke amfani da shi fis ɗinsa mafi girma amfiya 13 ne, wato wat 2,990 a bolt 230. Dutsen guga da butar wuta kaɗai, 4.35 da 8.7, sun riga sun kai 13. Wannan ma ga mai kyau ke nan. Mai arha da wayarsa ba ta kai kaurin tsinken tsintsiya ba, ko rabin haka ba zai ɗauka ba, kuma sau da yawa fis ɗin an cire shi an ɗaura waya a gurbinsa.

Ka ɗauko soket ɗin da ya taɓa zafi ka duba shi da kyau. Za ka ga ramin ɗaya ya yi ruwan ƙasa a kewaye, robar ta ɗan kumbura, in ka sansana akwai ƙauri, ƙafar fulogin kuma ta yi baƙi. Yawanci ba yawan kaya ba ne kaɗai, noti ne ya saki ko ƙarfen ciki ya buɗe ba ya matse ƙafar. Wurin da ya saki ya zama turjiya. A ce rabin om ne kawai. A amfiya 10, 10 × 10 × 0.5 wat 50 ne, duk a wurin da bai kai ƙwayar wake ba. Ƙarfen da masu gyaran rediyo ke narka dalma da shi sau da yawa bai kai wannan ƙarfin ba. A kashe bireka, a ɗaure notin, in ƙarfen ya riga ya ƙone a canza soket ɗin.

Batir, inbata da sola

Masu haɗa sola sun yi yawa a Kaduna yanzu, daga Kawo har Barnawa, kuma kuskuren da aka fi yi na waya ne tsakanin batir da inbata. Kayan wat 600 a ɓangaren bolt 230 amfiya 2.6 kawai suke ja, siririyar waya ta isa. Amma wannan wat 600 ɗin daga batir mai bolt 12 yake fitowa: 600 ÷ 12, amfiya 50. Ka ƙara da abin da inbata ke ci wa kanta, wajen kashi goma cikin ɗari ko fiye, ka doshi 56. Wannan tana buƙatar waya mai kauri sosai, gajeriya, da kan da aka matse da kyau. In turjiyar wayar da mahaɗanta om 0.02 ce kacal, a amfiya 50 asarar wat 50 ce. Ka haɗa batir biyu a jere su ba da bolt 24, da inbata mai 24, amfiyar ta koma 25, asarar ta koma wat 12.5. Dalilin da ya sa manyan inbatoci suke zuwa a 24 da 48 ke nan.

Don sanin awa nawa batir zai kai, yi bolt sau Ah, wato amfiya sau awa da ake rubutawa a jikinsa. Mai 200Ah a bolt 12 yana ɗauke da 2,400Wh, wato wat sau awa. In na ruwa ne ko na dalma, rabi ake so ka ci idan kana son ya yi ƙarko, wato 1,200. Kayan wat 300 za su kai awa huɗu a takarda, a zahiri ka sa rai da uku da rabi. Na litiyom ya fi haƙurin a zuƙe shi sosai.

Ga ɗalibai da masu ƙananan haɗe-haɗe kuma, akwai lissafin 'yar fitilar LED. Ja tana son wajen bolt 2 da miliyamfiya 20. Za ka jona ta a bolt 12, to sauran bolt 10 dole 'yar turjiya da ake ce wa resista ta shanye su: 10 ÷ 0.02, om 500. A kasuwa 510 ko 560 za ka samu, ɗauki wanda ya haura. Zafin da zai sha kuma 10 × 0.02, wat 0.2, don haka mai rabin wat ya fi kwanciyar hankali. In a mota za ka sa, yi lissafi da bolt 14, domin abin da batir ke kaiwa ke nan idan inji na aiki.

Daga wat zuwa naira

Yunit ɗin da kake saya a kati shi ne kWh, wato cin wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Yi wat sau awa, raba da 1,000. Fanka mai wat 70 da ke juyawa awa 10 a zafin Afrilu, 0.7 a rana, yunit 21 a wata. Kwan LED mai wat 10 a awa 10, yunit 0.1, tsohon mai wat 60 kuwa 0.6. Dutsen guga yana kamawa yana saki saboda tamostat, firij ma haka, don haka awannin da suke ja ne kawai ake ƙirgawa, ba duk lokacin da suke jone ba.

Farashin yunit ya danganta da rukunin layinka. A Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta kai na Band A, masu alkawarin awa 20 a rana, naira 225, daga baya kuma an yi masa gyare-gyare. Hanya mafi tabbaci ita ce ka ɗauki rasit ɗinka na Kaduna Electric ka raba kuɗin da ka biya da yunit ɗin da aka ba ka. In muka ɗauki naira 200 don sauƙin lissafi, fankar nan ita kaɗai naira 4,200 ce a wata.

Kafin ka sayi janareto

Janareto da inbata yawanci da kVA ake tallarsu, kai kuma kayanka da wat aka rubuta. Yi sau 0.8: mai 2.5kVA wat 2,000 ne, kuma ba a so ka cika shi maƙil na tsawon lokaci. Ka duba takardarsa ma, sau da yawa lamba biyu ce, ta iyakar ƙarfi da ta aikin yau da kullum. Ƙaramar ita ce taka.

A ce shagon aski ne a Tudun Wada. Injin aski uku, kowanne wat 15, 45 ke nan. Fanka biyu, 140. Kwan LED huɗu, 40. Talabijin da dikoda, a ce 100. Cajar waya biyar, 50. Jimla wat 375, wato ƙasa da amfiya 2. Ƙaramin janareto mai wat 650 zai ɗauka ba gardama. Amma ka shigo da abin busar da gashi mai wat 1,200, jimla ta koma 1,575, sai babba. In kuma ƙaramin firij na sayar da lemo za ka ƙara, kada ka tsaya a wat 100 ko 150 da ke jikinsa. Kwamfireso yana jan ninki uku zuwa shida na amfiyarsa a daƙiƙar da zai tashi, don haka ka ware masa aƙalla wat 600 a lissafin, sannan ka kunna shi shi kaɗai da farko, ya tashi ya daidaita kafin ka ɗora sauran kayan ɗaya bayan ɗaya.